Kwana Talatin da Ɗaya

Da ya shiga ɗakin makoki, kafin ya ce Allah ya jiƙan mamacin, bakinsa ya riga shi: "Gwaggo, Laraba ya cika ko Alhamis?"

Aikinsa tattara alƙaluman haɗarin mota, kuma ƙa'idar ofis ba ta san sani ko sabo ba. Wanda ya mutu cikin kwana talatin da haɗari, sai a sa shi layin matattu. Wanda ya haura ko da kwana ɗaya, yana layin masu rauni har abada. Bana shugabansa ya ƙwallafa rai sai rahoton gundumar ya fito da koren kibiya mai kallon ƙasa, alamar mace-mace sun ragu. Mutum ɗaya ya tsaya tsakanin kore da ja: ɗan Gwaggo, wanda suka tashi ɗaki ɗaya, wanda tirela ta banke da babur ɗinsa. Laraba ce kwana na talatin.

"Alhamis, ɗana, da hantsi," in ji Gwaggo.

Wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa tun bai ba shi izini ba. Ya sunkuyar da kai, yana kallon takalman masu gaisuwa a bakin ƙofa.

Gwaggo ta kamo hannunsa, ta juya ga matan da suka cika ɗakin.

"Kun ga ɗan halak? Masu cika baki duk sun gaji tun sati na biyu. Shi kaɗai kullum sai ya kira ni, yana ƙirga wa ɗan'uwansa kwanaki."

Matan suka shiga sa masa albarka. Ya rasa bakin cewa amin.