Hancin da Yaimara Take So

Na kasa zama, sai kai-komo nake yi a ofishin likitan da ƙanwata Yaimara ta samo a intanet, can bayan wani shagon gyaran farce a birnin Miami na Amurka. Hancinta take so a rage mata, kuma yau ɗin nan.

"Likita, ina takardar shaidarka?" na tambaye shi. "Wa zai yi mata allurar barci? In jini ya ƙi tsayawa, wane asibiti za ku kai ta?"

"Haba Yaya, kina ba ni kunya," in ji Yaimara.

Likitan ya sa hannu a aljihu. Ya miƙo wayarsa yana murmushi. "Aikina ne shaidata. Ga wanda na yi bara."

Hoton hanci ne da gefen kumatu, an yanke sauran fuskar.

Yaimara ta dafe ƙirji. "Irin wannan nake so, sak!"

Na karɓi wayar. Labulen da ya fito a hoton na falonmu ne. Ni na ɗauki hoton ranar Kirsimeti, ni na sa a intanet.

"Ɗauki jakarki mu tafi," na ce. "Hancinki ne."