Dutsen Iyakar Adi Gulti

Wata bakwai ke nan mutanen Adi Gulti suna zaune a tantunan gudun hijira, tafiyar yini biyu daga gidajensu. Harbi ya tsaya tuntuni. Dutse guda ne ya hana su komawa, dutsen iyaka mai lamba arba'in da bakwai. Kafin yaƙi ba wanda ya taɓa tambayarsa. Bayan yaƙi aka nema aka rasa, ƙasashen biyu kuma suka sa hannu cewa duk inda aka same shi a kafe, nan ce iyaka. Kafin a same shi ba mai shiga garin, sai kuraye.

Saba amarya ce, ba ta da baki a maganar, aikinta hura wuta. Amma ta san damina na matsowa, kuma in ta same su a tanti, gonar mijinta ta tef, hatsin da suke ci, ta tafi ke nan, har da irin.

Ranar da jami'an ƙasashen biyu suka zo sansanin don jin shaida, surukarta Adey Letebrhan aka ɗora wa gasa injera, faffaɗar wainarsu, da dafa gahawa, don kaskonta kaɗai ne ba ya girgiɗi a kan wuta. Ita ce tsohuwar da ta bar bargo da akuya ranar gudu, ta labta wa jaki duwatsun murhunta. A garinsu abin kunya ne baƙo ya yi girki a murhun matar gida.

Aboy Weldu, mai unguwa, ya miƙe yana gyara mayafi. "Da idona na ga sojojin can suna tumɓuke shi."

"Da wane idon, Aboy?" in ji tsohuwar, tana zuba ƙullu. "Kai da ka riga matarka isowa nan da yini guda?"

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Aboy Weldu ya zauna.

Jami'an suka shimfiɗa taswira. Ɗaya ya ce dutsen yana gabas da rijiya, ɗaya ya ce yamma. Duka biyun ba su taɓa shan ruwan rijiyar ba. Suka ci injera huɗu-huɗu suna musu.

"'Ya'yana," in ji Adey Letebrhan, "shekara talatin ina aure a Adi Gulti, ban taɓa ganin dutsen nan naku ba. Ku ja layinku a takarda, ku bar mu mu je mu yi shuka."

"Adey, wannan ba maganar mata ba ce," in ji jami'in ƙetare, yana miƙa kofinsa a ƙara masa. "Ko a ƙarƙashin tantin nan aka same shi, duk abin da ke bayansa namu ne. Garinku, gonakinku, har rijiyar."

"Haka takarda ta ce," in ji nasu jami'in, bakinsa cike.

A daidai nan ƙullu ya kwarara daga gefen kasko, ya gangaro a jikin dutsen murhu na gaba, wanda ya fi sauran santsi. Tsohuwar ta harari Saba. Saba ta jiƙa tsumma, ta durƙusa ta goga, baƙin hayaƙi ya biyo tsumman.

Ta daɗe a durƙushe. Ta dubi takalman jami'in ƙetare, taku ɗaya daga gwiwarta. Sannan ta damƙi toka mai zafi da hannunta, ta shafe huɗu da bakwai ɗin da ke sassaƙe a jikin dutsen.