Ranar da Aka Rufe Bakin Rijiya

Ka ce mini, Ɗayyabu, da zarar ka tayar da kabbara sai kasuwa ta biyo ka cikin sahu, ka ji ƙarar babur a waje har ka gane mai shi. Ciwon nan ba naka ba ne kai kaɗai. A Jidda ne, in ban manta ba, na yi maƙwabtaka da wani Ba'indiye mai sayar da yadi. Kullum da hantsi yakan harɗe ƙafa ya rufe ido, ko ƙuda ya sauka masa a hanci ba ya motsi. Ya ce a yoga, wato horon jiki da zuciya irin na mutanensu, akwai matakin da mutum ke kiran ji da gani da shaƙa su dawo gida, kamar yadda ake koro awaki turke da yamma. Ya faɗa mini sunan abin, amma sunan ya tafi tare da haƙorana. Abin da bai tafi ba wata rijiya ce.

Wani ƙauye ne a ƙasar Damagaram, ko gabas da ita kaɗan, na yada zango a cikinsa ina saurayi. Rijiyarsu ɗaya tak, kakanni suka haƙa ta, itacen bakinta duk igiyar guga ta ci shi ya yi kwari-kwari. Wata bazara sai ta ƙafe. Guga ya sauka ya dawo da laka, daga baya ya dawo da ƙura. Dattawa suka yanke cewa in ruwa bai dawo ba kafin tsayuwar wata, sai a ɗaure kaya a tashi, a bar kaburburan iyaye da tsamiyar da ake sallar Idi a ƙarƙashinta.

Akwai mai haƙar rijiya a garin, wanda ya gaji sana'ar daga ubansa marigayi. Aka zura shi da igiya, fitila a hannu ɗaya, dagi a ɗayan. Gari duka ya kewaye bakin rijiyar, kowa da shawararsa. Wannan ya ce a sari gabas, wancan ya rantse kakansa ya ce daga yamma ruwan yake zuwa. Murya kuwa in ta faɗa rijiya ninkuwa take yi. Duk inda ya haska ya ga bango ya yi duhu-duhu sai ya ce danshi ne, ya sara, ya tarar baƙar ƙasa ce busasshiya. Haka ya yi ta bin ido da bakin mutane har bangon ya fara zubo masa a ka. Ya fito da la'asar bai samu ko ɗigon ruwa ba. Tsohuwarsa ta miƙa masa ɗan kunun da ya rage, ta ce, "Kai dai ɗan nan, biki ka shiga yi ko haƙa? Ubanka bai taɓa sauka rijiya da 'yan kallo a kansa ba."

Sai ya tuna. Ubansa kan sa a rufe bakin rijiya in ya shiga, shi kuwa ya ɗauka camfi ne irin na tsofaffi. Washegari ya roƙi mai gari a kora dabbobi bayan gari, mata su dakata da daka, kowa ya koma gidansa. Aka bar mutum ɗaya riƙe da igiya, aka zaɓi wanda ya fi kowa ƙyuyar magana. Mai haƙa ya tuɓe riga, ya ajiye fitila a sama, ya sauka, aka ja zana aka rufe bakin, iska na shiga, haske bai isa ƙasa ba.

Ya zauna a gindin rijiya. Da fari idanunsa suka ƙi yarda aiki ya ƙare, suka dinga nuna masa tartsatsi da fuskokin mutane. Kunnensa ya hau sama ya bi kukan wani jaki can nesa. Hancinsa ya ƙirƙiro masa ƙamshin miyar daddawa. Bai yi kokawa da su ba. Ya ƙyale su kamar yaran da aka hana fita, suka yi ta bugun ƙofa har suka gaji suka kwanta. Ya rage daga shi sai numfashinsa, shi ma ya yi ta sanyi har ya daina lura da shi. Ban san tsawon zaman da ya yi ba, shi ma bai sani ba. A cikin wannan shirun ne ya farga da wani sanyi siriri kamar zare yana taɓa masa ƙugu ta hagu. Wurin farin dutse ne da ya ba wa baya jiya wuni guda, don a ido babu inda ya fi shi bushewa. Ya juya a hankali, ya kafa dagi a ƙarƙashin dutsen. Bai yi sara da yawa ba ƙasa ta yi laushi, sai ya ji ruwa yana ratsa 'yan yatsun ƙafarsa. Ya girgiza igiya.

Mutanen garin ba su tashi ba. Na sha ruwan nan a ƙoƙo kafin in wuce, da ɗan ɗanɗanon kanwa a cikinsa, har yau in na ji ƙishi shi nake tunawa. Ruwan yana nan a bayan mai haƙa tun ranar farko, lokacin da yake riƙe da fitila, ido buɗe, yana sauraron gari duka. Shi ya sa magabata suka ce hankali ke gani, ido gululu ne.