Amsa Ta Huɗu

Da gangan na rubuta amsa ta huɗu ba daidai ba.

Wata takwas ke nan ƙanena yana ƙasar waje, yana darussan share fagen shiga makarantar likitanci. Ni kuwa ina shagon Kawu ina ɗaure kwalaye, alhali sakamakona na sakandare ya fi nasa. Shi aka tura, wai babba shi ke riƙe gida.

Ko allura bai taɓa riƙewa ba, amma Inna ta daina kiran sunansa. "Likita ya bugo?" take tambayata kullum.

Ba ta san duk Laraba sai ya turo min tambayoyin kemistiri ba. In warware su a bayan kwali, in ɗauka a waya, in mayar masa. Makin nasa, kwalin nawa.

Ranar nan na ce bari ya ɗanɗani faɗuwa ko sau ɗaya. Na tura, na zauna jiran kukansa.

Ban gama ɗaure kwali biyu ba ya kira, yana dariya.

"Yaya, tsufa ne ko yunwa? Ka birkita ta huɗu, na gyara. Ta shida ma akwai kuskure. Ka huta haka nan, yanzu na gane kan abin."

Ta shida kuwa da iyakar ƙwaƙwalwata na yi ta.

Na jawo kwalin, na bi ta layi-layi. Har Kawu ya ce a rufe shago ban ga kuskuren ba.