Kunun Gayya

"Ungo, zuba a kunun," in ji mai gonar, ya miƙo wa mai dama kunun ƙullin ƙwaya. "Yau nake so a gama nome audugar nan."

Ta dubi ƙullin. Ga mijinta can zaune a gindin ɗorawa, yawu na dalala a gemunsa, ƙudaje na bi. Da can, daga Gozaki har Bakori ba a gayya sai da shi; makaɗa kan gaji su bar shi yana noma. Yanzu tsohon kirarinsa kaɗai ya rage masa a ka.

Malamin asibiti a Malumfashi ya gaya mata: "Ƙwaƙwalwa ma gona ce, ko ta babba tana sabon tsiro. Ƙwaya ta ƙone tasa. Abin da aka shuka yau ba ya fitowa."

Samari arba'in sun jingine garemani suna jiran kunu. Mijin ya ɗago, ya dubi 'yarsa a bayanta.

"Baiwar Allah, 'yar wa kika goyo?"

Karo na uku ke nan tun safe.

Ta tofar da yawu. Ba shi take ƙyama ba. Hannunta take kallo, wanda ya yi damina tara yana dama wannan kunun da ƙwaya a ciki, ana ta yabon daɗinsa.

Ta sa ƙafa ta ture tukunyar.

Sai ga mijin ya rarrafo, yana dangwalar kunun a ƙasa yana lasa.

"Wa ya zubar da kunun matata?"