Leda a Ƙarƙashin Ɗankwali

Ke da kike ta kaffa-kaffa da abu har kin hana kanki sakat, zauna in ba ki misalin wata mata.

Ciwo ya taɓa kwantar da ita har gashinta ya zube, kai ya koma kamar bayan ƙwarya. A haka mijinta ya bar ta ya tafi aiki wata ƙasa, abin kuwa ya tsaya mata a rai, don ta san da wannan kan yake tuna ta. Allah ya ba ta lafiya, gashi ya dawo ya cika, sai dai ga tauri, yawan matajin da ya karya ba ya ƙirguwa. Da labari ya zo cewa maigidan yana hanya, ta tafi shagon gyaran gashi, aka shafe shi da mai, aka bi shi da ƙarfe mai zafi, ya kwanta luf har kafaɗa yana sheƙi. Ta dubi madubi, sai ga ƙwalla. Mai gyaran ta ja mata kunne, ta ce, "Hajiya, kwanakin nan na farko kada ruwa ya taɓa shi, kuma kada ki ɗaure shi tamau. Mayafi sako-sako ya ishe ki, ki bar shi ya sha iska." Baiwar Allah, a duk maganar nan ruwa kaɗai ta ji. Ga shi damina ce. Tun daga ƙofar shagon take ɗaga kai tana leƙen hadari, iska na kaɗawa gabanta na faɗuwa. A gida ta hana yara wasa kusa da randa. In ta zo alwala sai ta yarfe hannu ta yi shafar kai a tsorace, ta tashi da damuwa biyu: ko gashin ya jiƙe, ko kuma alwalar ce ba ta yi ba. Ni dai ban taɓa ganin wanda kwalliya ta hana wa kwanciyar hankali irinta ba, har tausayi take ba ni.

Ranar da maigidan zai iso, gari ya tashi da lumshi, ita kuma ta rantse sai ta yi masa dambu da hannunta. Ta dubi sama, ta dubi tururin da ke tashi daga madambaci, hankalinta ya tashi. Nan dabara ta zo mata, irin dabarar da tsoro ke koya wa mutum. Ta tattare gashin, ta sa masa baƙar leda, ta ja ɗankwali ta ɗaure tamau har goshinta na zafi, ta ce yanzu ko ruwa da ƙanƙara za a yi, ya gama tsira. Ta durƙusa gaban murhu tana hura wuta, tana juya dambu, tana yanka zogale. Can ta ji wani abu mai ɗumi yana gangarowa ta bayan kunnenta. Ta goge. Ya sake gangarowa. Zuciyarta ta raya mata ta kwance ta duba, amma ta ji tsoron kada tururi ya same shi, sai ta ƙara wa ɗankwalin ƙulli. Sai da ta ji tsayuwar mota da ihun yara na oyoyo, ta ruga ɗaki ta zare ledar. Gumi ya zubo mata har wuya. Gashi ya jiƙe sharkaf, gindinsa ya murɗe ya koma gidan jiya, tsakiya duk sawun ɗauri, ga wani tsami na tashi. A waje kuwa hadarin ya watse, ko ɗigo bai sauka ba. Ta tsaya da leda a hannu, tana jin maigida a tsakar gida yana tambayar yara ina mamansu ta shiga.

Shi ya sa Hausawa suka ce, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.