Sabis Ya Kai Makabarta

Tun da aka fara dasa wa kowa ƙwayar sadarwa a wuyan hannu, doka ta hana sabis ɗin kowane kamfani ya taɓa makabarta. Hansatu, mai saita na'urorin intanet na wata masaƙa da ke jikin makabarta, ta san haka sarai. Amma manaja ya matsa mata lamba.

"Hajiya, sito na baya ba sabis. Ƙara wa na'urar kusurwa ƙarfi kaɗan mana. Wa zai sani?"

"Ranka ya daɗe, bayan katangar nan fa mutane ne a kwance."

"To ai a kwance suke."

Ta ƙara. Nan take sunaye suka fara bayyana a allonta, na waɗanda aka daɗe da yi wa sadakar arba'in. Can ƙasa ta ga Ɗanlami Garba, mijinta, wanda aka binne bara da damina.

Manaja ya leƙo, ya ja da baya yana salati. "Rage shi, don Allah, rage!"

Hansatu ta ɗora yatsa, amma ba ta danna ba. Alamar sabis ɗin sauran duk a ƙasa take, ba motsi. Ta Ɗanlami kuwa sai hawa take yi a hankali, kamar ta mai tahowa.